Lafiyar Gida: Tarin da Ya San Hanyar Wurin Aiki



Cikin wasiƙun da suka iso mana kwanan baya akwai ta wata uwa daga ƙasar Malumfashi. Ba za mu faɗi sunanta ba, amma ga abin da yake damunta. Ɗanta na fari yana aiki a wani gidan burodi a Jos, yau shekara 4 ke nan. Shi ne mai juye fulawa cikin injin kwaɓi, da albashinsa kuwa ake biyan kuɗin makarantar ƙannensa biyu. Tun bara ya kama tari. Da dare ƙirjinsa yana kuka kamar ɗan kyanwa, har wani lokaci sai ya tashi zaune ya jingina da bango kafin numfashi ya samu. An gwada kakinsa a asibiti, aka ce ba tarin fuka ba ne. Da ya zo gida bikin ƙanwarsa ya yi kwana 12. Kafin mako ya cika tari ya ɗauke, yana barcinsa har da minshari, har ya bi ƙannensa gona. Ya koma Jos, kwana 3 bai cika ba abin ya dawo sabo.

Kakarsa ta ce sanyin Jos ne. Kawunsa ya ce a'a, lalle akwai wanda ya sa masa hannu a wurin aikin, in ba haka ba, don me ciwo zai san hanyar Jos amma bai san hanyar gida ba? Uwar tana tambayarmu abin da za ta yi.

To, ba mu ga yaron ba, ba mu sa kunne a ƙirjinsa ba, saboda haka ba za mu yanke masa ciwo ta wasiƙa ba. Wannan aikin likitan da zai duba shi ne. Amma muna so mu ce Kawu ya lura da abin da ya kamata a lura da shi. Akwai ciwon da ya san hanyar wurin aiki sarai. Inda muka rabu da Kawu shi ne wajen mai laifin. Mu a ganinmu a fara neman mai laifin cikin buhu, a bar abokan aikin yaron su huta.

Tsohon ciwo ne

Ana kiran wannan ciwo asmar masu burodi, kuma ba jiya aka san shi ba. Wani likita na ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya buga littafi a shekara ta 1700 a kan cututtukan masu sana'a. Mutumin nan bai tsaya ɗakin dubawa kaɗai ba, yakan je inda ake aikin ya gani da idonsa. Cikin waɗanda ya rubuta labarinsu akwai masu gashin burodi, da masu niƙa, da masu tankaɗen hatsi. Ya ga yadda gari yake tashi yana shiga musu hanci da baki, ya ga da yawa cikinsu suna fama da tari da wahalar numfashi. Shi ne kuma ya gargaɗi likitoci, in sun gama tambayar majiyyaci inda yake masa ciwo, su ƙara da tambayar sana'arsa. Shekara fiye da 300 ke nan, har yanzu sau da yawa akan manta da wannan tambaya a asibitocinmu. Ba ma ganin laifin likita ƙwarai. Wanda yake da mutum 80 a layi kafin azahar, ina ya ga sukunin hira? Saboda haka in ba a tambaye ka ba, kai ka faɗa da bakinka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ne suke da asma a shekara ta 2019, ta kuma kashe kimanin 455,000 cikin shekaran nan. Masana ciwon ƙirji sun ce cikin manyan mutane masu asma, wajen ɗaya cikin 6 aikinsu yana da hannu a ciwon. A Ingila, inda ake lissafin irin waɗannan abubuwa, ƙurar fulawa ta daɗe tana cikin abu biyu da suka fi jawo asma ta wurin aiki, ɗayan kuwa shi ne fentin da ake fesa wa motoci. A Faransa, ƙasar da ba a cin abinci sai da burodi a gefe, fulawa ce a kan gaba. Kada kuma wani ya ce ai ciwon Turawa ne. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu an auna ma'aikata fiye da 500 masu gashin burodi a manyan kantuna, aka buga sakamakon a shekara ta 2009. An tarar wajen 13 cikin 100 suna da alamun asmar aiki. Huhun baƙar fata da na farar fata duk ɗaya ne a gaban fulawa.

Mu kuwa burodi ya zama namu. Babu tashar mota da za ka je ka rasa mai shayi da tulin burodi a teburinsa. Ga gurasar Kano, ga alkaki, ga alkubus, ga fanke da cincin da taliya. Kowane ɗaya akwai hannun da ya buɗe buhu, akwai kuma hancin da ya shaƙi abin da ya tashi daga ciki.

Yadda gari yake zama abokin gaba

Iskar da muke shaƙa takan bi maƙogwaro ta sauka ƙirji. A can hanyar ta rabu biyu, kowace kuma ta yi ta rassa kamar itace, har ta kai ga 'yan hanyoyi sirara kamar zare. Jiki yana da masu gadi a waɗannan hanyoyi, aikinsu su tare ƙwayoyin cuta. A wurin waɗansu mutane, bayan sun yi watanni ko shekaru suna shaƙar ƙurar alkama, sai masu gadin nan su yi kuskure, su ɗauki fulawa a kan maƙiyi. Likitoci suna kiran wannan alaji. Daga ran nan, duk sa'ad da ƙurar ta shiga sai faɗa ya tashi. Bangon hanyoyin ya kumbura, naman da ya kewaye su ya matse, majina mai yauƙi ta taru a ciki. Iska tana neman fita ta ƙuntatacciyar hanya, shi ne kukan da ake ji a ƙirji.

Ba alkama kaɗai ba ce. Akwai hodar gyaran kwaɓi wadda masu burodi suke ce wa imfuruba, wadda take sa burodi ya tashi ya yi laushi. Cikinta sau da yawa akwai wani sinadari mai suna amilas, wanda ake samowa daga wata irin fumfuna. Kaɗan ake zubawa, amma yana cikin abubuwan da suka fi saurin sa jiki ya yi wannan kuskure. Akwai garin waken soya da garin ƙwai a inda ake aiki da su. Akwai kuma 'yan ƙananan ƙwari da fumfuna da sukan zauna cikin buhun da ya daɗe a sito mai laima. Hayaƙin itace daga murhun gashi da ƙurar hunturu ba su ne tushen wannan alaji ba, amma in ƙirji ya riga ya kamu, suna ƙara masa wuta. Don haka Kaka ma ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Iska mai sanyi takan tayar da asma. Sai dai yaron ya yi shekara 3 a Jos yana shan sanyin nan lafiya kafin tari ya zo.

Akwai abu biyu da sukan ruɗe mutane, su ne kuma sukan sa a fara zargin juna.

Na fari, mutum 10 suna aiki ɗaki ɗaya, ɗaya ko biyu kaɗai suka kamu. Sai a ce me ya sa shi? Amsa ita ce jiki ba ɗaya ba ne. Wanda tun yana yaro yake yawan atishawa, ko ƙaiƙayin fata, ko kuwa akwai asma a danginsu, ya fi saurin kamuwa. Wanda kuma yake tsaye a inda ƙura ta fi yawa, watau mai juye buhu, da mai awo, da mai barbaɗa gari a tebur, ya fi mai sa burodi a leda shiga hatsari. Yaron da ake maganarsa yana bakin injin kwaɓi ne, wurin da ya fi ko'ina ƙura.

Na biyu, ciwon ba kullum yake tashi a bakin aiki ba. Sau da yawa sai bayan sa'o'i, mutum ya koma ɗaki ya kwanta, sa'an nan ƙirji ya rufe. Sai laifi ya koma kan katifa, ko maganin sauro, ko abincin da aka ci da dare. Ba wanda zai tuna da buhun da aka zazzage tun da asuba.

Hanci yakan riga ƙirji magana

A nan muke so mu daɗe kaɗan, gama nan ne ake iya ceton mutum. Wannan asma ba ta cika zuwa ba sallama ba. A wurin yawancin masu ita, hanci da ido ne sukan fara. Atishawa jere da jere da an buɗe buhu, hanci yana zuba ko ya toshe, ido yana ƙaiƙayi yana ja. Waɗansu hannunsu yakan yi ƙuraje ya tsattsage. Ana iya yin watanni a haka, har shekara, kafin abin ya sauka ƙirji. Mu kuwa me mukan ce? Mura ce. Wace irin mura ce za ta yi wata 8, ba zazzaɓi, kuma ta ɗauke duk ran da ba a je aiki ba?

Ga tambayar da muke roƙon kowace uwa da kowace matar aure ta yi wa nata mai aikin fulawa: ran da ka huta, ko sa'ad da ka yi tafiya, kakan ji sauƙi? Likitocin ƙirji da kansu da wannan tambaya suke farawa. A kula, hutun kwana ɗaya ba ya isa koyaushe, domin kumburin ba ya sauka dare ɗaya. Hutun mako ɗaya ko biyu ya fi nuna gaskiya, kamar yadda bikin ƙanwa ya nuna a gidan mai wasiƙarmu. In kuwa ciwon ya tsufa, har wannan bambanci yakan ɓace, mutum ya zama ko yana aiki ko yana gida ƙirjinsa a matse yake.

Akwai ɗan bututu na awon ƙarfin numfashi, ma'aikatan asibiti suna ce masa fik fulo. Ba shi da batir, ba shi da wuyar aiki. Mutum ya cika ƙirjinsa da iska, ya busa da iyakar ƙarfinsa sau 3, ya rubuta lamba mafi girma. A yi haka aƙalla sau 4 a yini, har mako 3 ko 4, a haɗa da ranakun aiki da na hutu, a kuma rubuta kowace rana ko an je aiki ko ba a je ba. In lambobin suna faɗuwa ranakun aiki suna tashi ranakun hutu, to, likita ya sami shaida a hannu. A manyan asibitocin koyarwa akwai awon huhu da ya fi wannan, a waɗansu wurare kuma akan gwada fata ko jini a ga ko jiki ya ƙi alkama. Amma littafin makaranta na kwabo da biro da ɗan bututun nan sun isa a fara da su.

Abu ɗaya kada a tsallake. Duk tarin da ya kai mako 2 a kai kaki a gwada saboda tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe domin haka. Mai wasiƙarmu ta riga ta yi wannan, ta kyauta. Asma kuwa ba a ɗaukarta. Kada a ware wa mai ita kofi ko kwano, kada a hana shi ɗaukar jariri. Yawancin masu asmar fulawa ma suna cin burodi lafiya lau, gama shaƙar ɗanyen gari ne yake tayar musu da ciwo.

Maganar magani

Maganin asma na ƙwarai shaƙarsa ake yi, domin ya tafi kai tsaye inda ciwon yake. Iri biyu ne. Akwai mai buɗe hanya nan da nan, kamar salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, galibi gwangwaninsa shuɗi ne. Akwai kuma mai kwantar da kumburin, wanda yake aiki a hankali, sai an dinga shaƙarsa yadda likita ya tsara. Akwai ma wanda aka haɗa biyun wuri ɗaya. Tun shekara ta 2019 masanan duniya masu tsara jiyyar asma suka daina shawartar a dogara ga shuɗin kaɗai, domin yana buɗe hanya ne ya bar kumburin yana ci a ɓoye. Wanda ya ga yana neman shuɗin kusan kowace rana, ciwonsa bai kwanta ba, ya koma asibiti.

Mun sha jin ana cewa wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa, wai maganin yana kama jiki. Ba haka ba ne. Ciwon ne yake nan, shi ya sa ake ta neman maganin. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne 'yan ƙwayoyin nan da akan saya a kemis ba takardar likita, irin su prednisolone da dexamethasone. Lalle suna sa ƙirji ya saki, likita ma yakan ba da su na 'yan kwanaki in ciwo ya tsananta. Amma wanda ya mai da su abin sha na kullum, fuska za ta kumbura, ƙashi ya yi rauni, hawan jini da ciwon sukari su samu ƙofa. Dangi su ga ya yi kumatu su ce aikin burodi ya karɓe shi. Waɗansu masu asma kuma asfirin da ibuprofen sukan tayar musu da ciwo, sai a kula. Taba kuwa, ba sai mun faɗa ba, har ƙarfin maganin shaƙa takan rage.

In ciwo ya tashi da ƙarfi, mutum ba ya iya gama magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko leɓunansa sun sake launi, ko ya fara gajiya da ruɗewa, kada a kwantar da shi, kada a tsaya ɗura masa jiƙo. A zaunar da shi tsaye, ya shaƙi shuɗin fesa ɗaya ɗaya, tsakaninsu rabin minti ko minti ɗaya, har zuwa fesa 10, ana yi ana neman abin hawa. Ko da tsakar dare ne a tafi asibiti. Asma tana kisa, tana kuma kashe matasa masu ƙarfi.

Inda maganar take da nauyi

Yanzu sai mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji. In ya tabbata fulawa ce, magani kaɗai ba zai isa ba muddin mutum yana shaƙarta kowace rana. Kamar mai kwarfe ruwa ne a ɗakin da rufinsa yake yoyo. Da jiki ya riga ya ƙi fulawa, ko 'yar kaɗan ta isa ta tayar da faɗan. Binciken da aka tattara daga ƙasashe dabam dabam ya nuna cikin waɗanda suka rabu da abin da ya jawo musu asmar aiki, wajen kashi ɗaya cikin 3 ne sukan warke sarai. Saura sukan sami sauƙi, amma da ragowar ciwon. Waɗanda suka fi samun warkewa su ne waɗanda suka rabu da ƙurar da wuri. Kowace shekarar da aka ƙara ana daurewa, ana rage rabon warkewa ne.

Mun san abin da wannan yake nufi a gida. Aiki ba ya samuwa a kan hanya. Saurayin da ƙannensa suke karatu da guminsa zai gwammace ya ɓoye tarinsa, ya shiga bayan ɗaki ya shaƙi magani, kada maigida ya gani ya sallame shi. Mu ma da muke gida, in za mu faɗi gaskiya, wani lokaci ba ma so mu ji, gama ƙarshen wata muke jira. Amma a yi lissafin da kyau. Ɗan shekara 25 da ya sake aiki bana zai yi wahalar wata 6 ko shekara. Wanda ya daure har ya kai 35 ƙirjinsa ya lalace, ba burodi kaɗai zai bari ba, noma ma zai gagare shi.

Ba kuma muna cewa kowa mai atishawa ya ajiye aiki gobe ba. Kada a bar aiki sai an tabbatar da ciwon, domin awon fik fulo ma sai mutum yana zuwa aikin ake iya yinsa. In an tabbatar, a fara neman canjin wuri a gidan: rarraba burodi a mota, ko sayarwa a kanti, ko riƙon littafin lissafi, wurin da ba ya haɗa iska da ɗakin kwaɓi. In babu, sai a nemi wata sana'a, a kuma guji gidan niƙa da ɗakin haɗa abincin kaji, kada a gudu daga ruwa a faɗa rijiya. A Nijeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta shekara ta 2010, wadda hukumar NSITF take riƙe da ita. Ta ƙunshi ciwon da aiki ya jawo, ba rauni kaɗai ba, masu ɗaukar ma'aikata kuma su ne suke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun. Mun sani ƙananan gidajen burodi da yawa baki da baki ake ɗaukar mutum, ba takarda. Duk da haka a riƙe katin asibiti da takardar likita, kada a yar.

Ga masu gidan burodi

Cikin masu karanta wannan shafi akwai masu gidan burodi, waɗansu ma dattawan ikkilisiya ne. Da ku muke yanzu. Ku shiga ɗakin kwaɓi da dare sa'ad da ake juye buhu, ku kashe fitila, ku haska tocila mai ƙarfi ta gefe. Abin da za ku gani yana yawo cikin hasken, shi yaranku suke shaƙa har gari ya waye. A Ingila tun shekara ta 2001 doka ta sa iyaka: kada ƙurar fulawa ta wuce miligiram 10 cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Hukumarsu ma ta ce mai kula da aikinsa zai iya saukar da ita ƙasa da 2. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na fulawa kuwa ya fi miligiram 2,000. Ku auna da kanku.

Abin farin ciki, yawancin gyaran ba na kuɗi ba ne, na hali ne. A sa bakin buhu can cikin kwanon inji a zuba a hankali, kada a ɗaga shi sama a zazzage. Buhun da ya ƙare a naɗe shi daga ƙasa, a daina kaɗe shi a jikin bango don tsiran ɗan garin da ya maƙale. A zuba ruwa tukuna, a ta da inji a hankali har gari ya jiƙe, sa'an nan a ƙara masa gudu. A yi wa kwanon murfi, ko na katako ne. A daina watsa gari a tebur da hannu daga nesa kamar mai shuka gero. A yi da 'yar rariya kusa da tebur, ko a shafa mai inda mai zai yi. Imfuruba a auna shi a hankali, in ana samun na ruwa ko mai dunƙule ya fi na hoda. Shara kuma, tsintsiya a busasshen ƙasa ba ta kwashe gari, tayar da shi take yi ya koma hanci. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. A buɗe tagogi, hayaƙin murhu kuma a yi masa hanyar fita. A Kef Tawun ɗin nan da muka ambata, da aka sa wa injuna murfi aka kuma koya wa ma'aikata irin waɗannan dabaru, ƙurar ta ragu da kusan rabi.

Ƙyallen da akan ɗaura a hanci, ko takunkumin takarda irin na asibiti, ba sa tare ƙura mai laushi, ta gefe take shiga. Wanda yake aiki shi ne mai lamba N95 ko FFP2 ko FFP3, wanda yake manne wa fuska, gemu kuwa yakan hana shi mannewa. Ko shi ma na lokacin juye buhu da shara ne, ba ya maye gurbin gyaran da muka lissafa. A kuma ba ma'aikata rigar aiki da za su tuɓe su bari a can. Fulawar da take zuwa gida a jikin riga da gashin kai, matar da take wanki da yaran da suke hawa jiki su ma suna shaƙa.

Abu na ƙarshe gare ku shi ne mafi wuya. Ku gaya wa yaranku a fili cewa wanda ya kawo ƙarar hanci ko ƙirji ba za a kore shi saboda haka ba. Muddin suna tsoron kora, ba za ku ji labari ba sai ran da wani ya faɗi a bakin inji.

Iyayenmu mata masu cincin da fanke na Kirsimati ko na biki sau biyu a shekara, kada hankalinku ya tashi, wannan bai kai ya jawo ciwo ba. Amma wadda sana'arta ce kullum, mai gurasa, mai fanke na sayarwa, mai kek, da mai tsaron injin niƙa, duk abin da muka faɗa ya shafe ta. Ta yi tankaɗe a waje ko bakin taga, ta sa rariya kusa da kwano, goyo kuma a sauke shi a ba wani ya riƙe har a gama.

Ke kuma Mama mai wasiƙa, ga abin da muke ba ki shawara. Ki aika wa ɗanki wannan shafi. Ya je asibitin da ake da likitan ƙirji, a Jos akwai asibitin koyarwa. Da ya zauna, kafin a tambaye shi, ya ce shi mai juye fulawa ne shekara 4, ya kuma ba da labarin kwana 12 ɗin nan da ya yi a gida daidai yadda kika ba mu. Ya roƙi a nuna masa awon fik fulo, ya riƙe littafinsa mako 4. Kafin nan ya nemi maigidansa ya matsar da shi daga bakin inji. Kuɗin da Kawu yake shirin kashewa wajen neman wanda ya sa hannu, ki lallashe shi ya kawo a sayi bututun awo da maganin shaƙa. In littafin ya cika, ki sake rubuto mana abin da lambobin suka nuna da abin da likita ya ce.